Ranar da na daki akori-kura a Alkaleri

Shekara tara ina tuƙi ban taɓa goge ko madubin wani ba, har ina fankama da hakan a majalisa. Ranar wata Alhamis na taso daga Gombe zan je ɗaurin aure Bauchi, na makara. Tun kafin Alkaleri na manne wa wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gawayi, ina leƙe ina neman sararin wuce ta. Muna shiga gari sai akuya ta gitta. Mai gawayi ya taka birki, fitilar bayansa kuwa ɗaya a fashe, ɗaya gawayi ya rufe ta. Kafin ƙafata ta bar totur ta kai kan birki, sai ji na yi gam!

Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Amma lagireto ya fashe, bamba ta rataye, farar shaddata ta sha baƙin gawayi. Na fito ina kumfar baki a kan fitilarsa. Wani dattijo mai rake ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma wanda ya daki baya shi ne da laifi." Kowa a wurin ya goyi bayansa.

Kawuna, wanda ya tsufa a tuƙin tirela, shi ya zo aka ja motar. A hanya bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Kai ɗan nan, da wane gudu kake?" Na ce wajen 60, Kawu. Ya ce in je in yi lissafi, tunda ni ne ɗan boko.

Na kuwa yi. A gudun kilomita 60 cikin awa, mota na cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta taka, daƙiƙa guda ce ko fiye, in ma hankalinka na kan hanya. Ni kuwa tsakanina da mutumin bai fi tsawon mota ɗaya ba. Ke nan ko da fitilunsa na aiki, da na dake shi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. A gudun 100, irin wanda masu motocin haya ke yi bayan an haye gadar Dindima, mita 28 ce a daƙiƙa. Kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa.

Dabarar Kawu mai sauƙi ce. Ka zaɓi bishiya ko sandar lantarki. Motar gabanka na wuce ta, ka ce "Subhanallahi wa bihamdihi, Subhanallahil azim" a natse. In ka iso wurin ba ka gama ba, ka matse da yawa. Da na gwada da agogo, kusan daƙiƙa uku ce. Da damina ko lokacin hazo, ya ce a maimaita sau biyu.

Matsalar ita ce cikin gari. Ka bar tazara a Wunti, nan take mai Keke Napep zai cusa kai, na baya kuma yana ta danna maka oda kamar ka ci masa bashi. Da farko abin na ƙona mini rai. Yanzu sai in ɗaga ƙafa, in sake karanto tasbihina daga farko.

Bambar da na samu a hannun masu kayan gwanjo ja ce, motar kuwa ruwan toka. Mai ɗakina ta gaji da cewa in kai a yi mata fenti.