Jaka biyar ɗin Baba

Yau Asabar tun da sassafe Baba ya tashe ni wai in raka shi kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano sayen gero, ni ko wallahi barci bai sake ni ba amma ya zan yi. Mun tare mai adaidaita, Baba ya ce masa jaka biyar zan ba ka. Yaron ya yi tsuru yana kallon hannunmu, ashe shi jakunkunan kaya yake nema ya ga inda zai ɗora su. Sai da na ce masa dubu ɗaya ake nufi sannan ya ce haba Baba a wannan tsadar man, a ƙara ɗari biyar dai.

A hanya kuwa na sha karatu. Baba ya ce kafin naira ta zo a 1973 fam ake kashewa, fam ɗari shi ne jaka guda, da aka yi canji fam ɗaya ya koma naira biyu shi ya sa har gobe ɗari biyu take jaka a bakinsu, wato wannan mai hoton Sardauna kenan. Daga nan ya gangaro kan sule da sisi da taro, ni dai na ce to to kawai don ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Wadda na sani ita ce murtala, naira ashirin, wasu samari su ce muri, sai hamsin da ake ce wa wazobiya. Baba ya ce lokacin da murtala ta fito a 1977 babu takardar da ta kai ta, in mutum ya zaro ta a kasuwa sai an juyo an kalle shi, kuma shi da guda ɗaya yake cefanen gida har ya dawo da canji.

Abin dariyar sai da muka isa. Mai geron mutumin Maraɗi ne, hira ta yi daɗi yana ba Baba labarin kuɗin motar da ya biya yana ta jika kaza jika kaza, Baba har da salati wai ashe mota ba tsada a Nijar. Su can jikarsu sefa dubu ce, da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar, dala ɗari biyu ta ba da jika. Sun fi minti goma kowa na lissafin ƙasarsu kafin suka gano, mai geron ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da za mu dawo na laluba aljihu na ci karo da wata tsohuwar murtala ta leda, ta koɗe har hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane da ke bayanta da kyar ake ganin tukunyarta. Na miƙa wa yarinya mai fiya wata, ta juya ta gaba da baya ta miƙo min abata ta ce yaya wannan ai ko alawa. Baba ya karɓe ta ya ninke ya sa a aljihun gaba.