Naɗin furotin da ciwon ƙanena

Tun muna yara a Ƙofar Ƙaura, da hunturu ya kama gabana ke faɗuwa, don lokacin ne ciwon ƙanena ke tashi. Har yau ina ganin Inna a gefen tabarma tana gasa masa ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi, shi kuwa ya cije leɓe, idanunsa sun yi ɗorawa. Amosanin jini ne, sikila. Ciwon nan ne ya kai ni karatun sinadaran jiki, har na tsaya a kan furotin.

Furotin sarƙa ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. A miƙe ba ya aikin komai, sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa. Ranar da Inna ta tambaye ni me nake yi a ɗakin gwaji, na ce, "Inna, kin ga rawani kafin a naɗa shi? Ai ƙyalle ne kawai." Ta ce, "To shi wannan wa ke naɗa shi?" Tambayar da masanin kimiyya Christian Anfinsen ya amsa ke nan: ya warware wani furotin da sinadari, da ya janye sinadarin sai furotin ya koma ya naɗe da kansa. Umarnin naɗin yana cikin jerin sarƙar. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1972.

Na shiga fagen da zaton sikila lalacewar naɗi ce. Malamina ne ya gyara mini, kuma na ji nauyi ƙwarai. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, na mai sikila yana naɗewa daidai. Amino asid ɗaya ne tak ya canza cikin 146 na ɗaya daga sarƙoƙinsa, wadda ake kira beta, a gurbi na 6, ya bar wani tabo mai danƙo a bayan furotin. Da iskar oksijin ta yi ƙaranci sai su manne da juna su zama dogayen zaruruwa. Na ɗiga jini a gilashi, na zuba sinadarin da ke zuƙe oksijin, na toshe gefen da basilin, na zura ido a madubin likita. A gabana ƙwayoyin suka riƙa lanƙwashewa kamar lauje. Na daɗe ban ɗago kai ba. Ainihin karkacewar naɗi kuwa tana cikin cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson, inda furotin ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwa.

Wahalar aikin a nan ba ta ƙwaƙwalwa ba ce kaɗai. Wani watan Afrilu aka ɗauke wuta kwana uku, janareto ba mai. Da na buɗe firiza, furotin da na yi wata huɗu ina tacewa ya yi fari ya daskare kamar dafaffen ƙwai. Zafi ya warware shi. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Tun daga nan nake raba kowane samfuri kashi uku, a ajiye a wuri daban-daban.

Hakan ya sa na koyi aikin kwamfuta. Rumbun AlphaFold, manhajar da ke hasashen naɗin furotin, na ɗauke da hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 tun 2022, kyauta, kuma daga Katsina data kawai kake buƙata. Amma ban yarda ɗalibi ya tsaya nan ba. Hasashe ne na siffa ɗaya, ba zai nuna maka yadda furotin ke mannewa a jikin mara lafiya ba. Sai an koma kan teburin gwaji.

Ƙanena yanzu yana shan hydroxyurea, maganin da ke ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ke hana zaruruwan haɗuwa. Hunturun bana sau ɗaya aka kwantar da shi. Da na je dubiya ya ce, "Yaya, zana mini abin nan da ke mannewa in gani." Na zana masa a bayan takardar magani.