Daga Zariya zuwa Ikko: tafiya a mota, dawowa a jirgi

Ɗaurin auren ɗan yayata ne ya kai ni Agege da ke Ikko, wato Legas. Na hau doguwar bas a Kwangila bayan la'asar, kuma ko da yake Kaduna ba ta wuce kilomita 80 daga Zariya ba, magariba ta riske mu a Kawo ana lodin wasu fasinjoji. Daga nan sai dare: Tafa, Zuba, Gwagwalada, Abaji. Muka ƙetare Kogin Kwara ta gadar Murtala Muhammed bayan Koton Ƙarfe, muka tsaya Lakwaja aka yi sallar ƙasaru, aka sha shayi.

Wani dattijo mai fataucin albasa ne kusa da ni. Ganin ina ta duba agogo sai ya ce, "Ɗana, rabu da agogon nan. Hanyar kurmi da haƙuri ake bin ta." Gaskiyarsa kuwa. Tsakanin Okene da Owo ramuka suka mayar da mu tafiyar hawainiya, ga shingayen jami'an tsaro, ga tireloli sun yi layi. Gari ya waye mana cikin kurmin daji, bishiyar kwakwar manja ko'ina, ba kuka ba ɗorawa. Mun wuce Badun da hantsi, cunkoson shiga Legas kuma ya cinye sauran safiyar. Kusan awa ashirin ke nan, ƙafafuna duk sun kumbura.

A dawowa yayata ta matsa sai na hau jirgi. "Ƙanena, kada ka sake wannan wahala," in ji ta. Daga Ikeja zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano awa ɗaya da rabi ne kacal. Na leƙa ta taga ina neman hanyar da muka sha wuya a kanta, gajimare ya rufe komai. Sai dai wannan lissafin na sama ne kawai. Kafin tashi na baro Agege da sassafe, na yi zaman jira a filin jirgi, bayan sauka kuma ga kimanin kilomita 150 daga Kano zuwa gida, ta Kura, Kwanar Ɗangora da Tashar Yari. Daga ƙofa zuwa ƙofa, yini guda ya kusa tafiya.

Abin da ke damuna ke nan. A Zariya ake koyar da tuƙin jirgin sama, kwalejin da ke Palladan tana nan tun 1964, kullum ƙananan jiragenta na shawagi a kan Samaru da Sabon Gari. Amma Bazazzagin da zai tashi sai ya nemi Kano, Kaduna ko Abuja. Mai hali ke nan. Dattijon nan mai albasa, da masu rakiyar shanu da tumatir, da marasa lafiya, kuɗin tikitin jirgi ya fi ƙarfinsu, hanyar nan ce tasu duk mako. Tun 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano, kakanninmu da shi suke zuwa Ikko. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, a Rigasa ya tsaya, muna nan muna jiran a ƙarasa wanda zai biyo ta nan.