Ranar da na kai Abba kallon hawa

Tun da safe mamansa ta ce mini, "Baban Abba, don Allah ka bar shi a gida. Yaron da injin markaɗen maƙwabta ke sa shi toshe kunne, ina shi ina bindiga?" Na ce ai namiji ne, in ba a fita da shi, yaushe zai saba? Maganar nan tawa har yau tana ci mini rai.

Shekararsa 4 lokacin. Wata 7 ke nan da likita a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ya ce mana galahanga ce, wato autism, lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, bayan an gwada kunnensa an ga ras yake ji. Ya ce babu ƙwayar da ke warkar da ita, sai tsari da haƙuri, kuma a kiyaye shi da hayaniya. Na ji da kunne, amma a zuciyata ina ganin shagwaɓa ce uwarsa ta koya masa.

Muka hau Keke Napep daga Fadaman Mada zuwa ƙofar fada. Dawakai da algaita bai kula su ba, murfin kwalbarsa kawai yake juyawa a hannu. Har na fara yabon kaina.

Sai 'yan bindiga suka saki ta farko.

Ya ƙwalla ƙara, ya zube yana buga goshi da ƙasa. Nan take jama'a suka yanyame mu, wannan na tofa masa addu'a, wata dattijuwa na cewa iska ce, a nemo tazargade. Alheri suke nufi, amma duk hannun da ya taɓa shi ƙara rikita shi yake. Babbar rigata na cire na lulluɓe shi, na saɓa shi a kafaɗa.

Kalmomi 6 yake da su a duniya, "ruwa" da "Mama" na ciki, kowacce da wahala muka same ta. Sati 3 bai furta ko ɗaya ba. Zaure ma ya ƙi leƙawa.

Yanzu in za mu fita sai na nuna masa hoton wurin a waya tun ana gobe da daddare. Biki minti 15 ne, mu gaisa mu tafi, mai ƙorafi ya yi ta yi. Aski da almakashi, a gida. In ya rikice, ba lallashi ba tsawa, a kai shi inda ba mutane kawai.

Sallar bana a waya ya kalli hawan, na kashe masa sautin. Mamansa na gefe tana yanka albasa. Har yau ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, ni kuwa da ta faɗa da na fi samun sauƙi.