Gardamar Justin Fields a ɗakin hutunmu

Na sauka Shikago a watan Satumba na 2022, da jaka biyu da lambar wayar wani ɗan unguwarmu da ya riga ni zuwa. Shi ya sama mini ɗaki a Rogers Park, inda nake takawa zuwa titin Devon in sayo naman halal da shinkafa. Ba a jima ba na samu aiki a wani ƙaton sito, muna lodin kaya daga asuba zuwa azahar. Lodi bai dame ni ba. Hutun rabin awa ne ya fi yi mini nauyi: ɗaki cike da mutane, kowa na ta bakinsa, ni ina gefe da kwanon abincina, ba mai ce mini kanzil.

Kowace Litinin zance ɗaya ne, Bears, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta garin, da wani yaronsu Justin Fields. Na tashi ina bin Kano Pillars, amma tasu ƙwallon daban ce. Wani dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya ne ya ga ina kasa kunne, ya jawo kwali ya zana mini. Da yadi ake auna wasan, yadin nan da ake yanka shadda da shi a Kantin Kwari. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta bar hannunta. Ya ce in na gane kwatabak, wato matsayin da Fields ke bugawa, na gane komai. Shi ne madugu. Shi ke karɓar ƙwallo a kowane hari, ya karanci tsayuwar abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa, ƙarti biyar na gabansa suna tare masa masu son danne shi.

Fields kuwa gudu gare shi kamar barewa. A kakar 2022 ya ci yadi 1,143 da ƙafarsa, adadin da Lamar Jackson kaɗai ya taɓa wucewa a cikin masu wannan matsayi. Amma wasa uku kacal Bears ta ci cikin 17, kuma sau 55 aka kayar da shi ƙwallo na hannunsa. Nan ɗakin hutu ya rabu biyu. Wasu suka ce yana riƙe ƙwallo fiye da ƙima, idonsa ba ya saurin ganin wanda zai jefa wa. Wasu suka ce masu tsaronsa ba su da ƙarfi, masu cafewa kuma babu na kirki.

Ranar da na fara buɗe baki, cewa na yi ba a sanin gudun doki da dabaibayi a ƙafarsa. Sai da na yi ta lalubo Turancin da zan faɗi hakan, amma sun gane. Daga ranar, duk Litinin sai an juyo an tambayi ra'ayina.

Na san abin da ya sa na tsaya masa. A Kano shekara tara na yi ina aikin akanta. Nan na aika takardun neman aiki ba adadi, ko amsa babu, don ba wanda ya san makarantar da na yi. Na san ɗacin a yanke maka hukunci tun ba a ba ka kayan aiki ba.

Dattijon nan shi ne babban abokin gardamata, yana ganin a sauya Fields, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. A tsarinsu ba a faɗuwa rukuni na ƙasa. Wadda ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa cikin 'yan wasan da ke fitowa daga jami'o'i. Bears ta yi musaya da Carolina a 2023, ta karɓi mai cafe ƙwallo DJ Moore da damar zaɓen Carolina na shekara mai zuwa, sai Carolina ta ci wasa biyu rak. Zaɓin farko ya faɗo hannun Shikago, ga Caleb Williams, kwatabak na jami'ar USC, wanda ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, yana jira. Akwai kuma kuɗi: an ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe a albashi, sabon yaro yana da araha na shekara huɗu, Fields kuma kwantiraginsa ya doshi ƙarewa. Sannan ya ce yana saurayi Bears ta ɗauki kofi a Janairun 1986, tun daga nan yake jira, shekarun haƙuri sun ƙare masa.

Shi ɗin dai ya kai ni filin Soldier Field ranar 31 ga Disamba, 2023, ya ara mini safar hannu. Iskar tafkin Michigan na yankar fuska, dusar ƙanƙara na zuba. Bears ta doke Atlanta 37 da 17. Can sai filin ya ɗauka da murya ɗaya cewa Fields muke so. Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar da ke gefena, wadda ban taɓa gani ba, ta kama hannuna ta ɗaga sama. Wata goma sha biyar ina garin nan, ranar ce na fara cewa "mu" ina nufin har da su. Dattijo yana zaune, hannu a aljihu, bai ce uffan ba.

A watan Maris na 2024, muna cikin azumi, aka ba da Fields ga Pittsburgh a kan damar zaɓe a zagaye na shida. Wannan farashin ya yi mini ciwo fiye da tafiyar tasa, kuma har yau ina ganin ba a taɓa gwada shi da cikakkiyar ƙungiya ba. A Afrilu suka ɗauki Williams.

Litinin ɗin da ta biyo bayan cinikin, dattijo ya ajiye mini leda kusa da inda nake shimfiɗa darduma. Rigar Fields ce mai lamba 1. Da Satumba ya gayyace ni gidansa kallon wasan Williams na farko, matarsa ta tambaye ni tun da wuri abin da ba na ci. Bears ta ci Tennessee 24 da 17, yaron ya jefa yadi 93 kacal. Washegari ni na fara tada zancen a ɗakin hutu.