Na guje wa hazon Kano, na tarar da shi a tsakiyar teku

Ranar da na bar Kano, tsakiyar Janairu, hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinmu. Leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, gida duk tari ake yi. Da ƙanwata ta kawo saƙon da zan kai wa ɗanta, kuka da daddawa da yaji da gwangwanin man kaɗanya, na ce mata ta riƙe manta, inda zan je tsibiri ne da ruwa ya kewaye, ina shi ina kaushi? Ta ce in dai tafi da shi.

Yaron digiri na biyu yake yi a Mindelo, ƙasar Cape Verde, ƙarƙashin shirin WASCAL da ke ɗaukar ɗaliban Afirka ta Yamma su karanci sauyin yanayi da kimiyyar teku. Ni kuwa wani aiki ne ya kai ni Dakar, na ga tunda na zo nan saura ƙiris, mafi kusa cikin tsibiran bai wuce kilomita 600 daga gaɓar Sanagal ba.

A Praia, babban birnin ƙasar, aka fara yi mini turjiya. Jirgin da zai ƙarasa da mu tsibirin São Vicente, inda Mindelo yake, ba zai tashi ba, wai matuƙi ba zai ga filin sauka ba. Ma'aikaciyar ta nuna waje tana cewa “bruma seca”, busasshen hazo ke nan a harshensu. Na fita na ɗaga kai. Rana ta zama farin faifai, kana iya kallonta ido da ido. Na shafa gilashin wata mota da ke ajiye, yatsana ya fito da gari mai laushi, launin ƙasa-ƙasa. Wallahi ko a mafarki na san wannan garin, shi muke sharewa a kan tabarma kowace safiya. Kwana ya kama ni a nan.

Washegari da yamma muka samu sauka. Mindelo gari ne mai kyau, gidaje fenti kala-kala sun zagaye tashar jiragen ruwa, amma dutsen Monte Cara da ake ta ba ni labari, mai kama da fuskar mutum a kwance, inuwarsa kawai na gani. Yaron ya tarbe ni leɓensa a bushe kamar wanda ya fito daga kasuwar Kurmi. Kafin ya tambayi lafiyar mutan gida, man kaɗanyar ya fara lalubowa.

Na ce masa wannan masifa har nan ta biyo ku? Ya yi dariya.

“Kawu, ai abin da kake kira masifa shi ne takin teku. Gobe zan kai ka ka gani.”

Da safe muka shiga aluguer, irin bas ɗinsu ta haya, muka nufi Calhau a gabashin tsibirin. Hanya ce cikin busasshen kwari, sai duwatsu da 'yan awaki. A bakin teku, kan baƙin dutsen da aman wuta ya bari, akwai tashar auna iska da aka kafa a 2006 tare da masana daga Ingila da Jamus: 'yan kwantenoni da dogon hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 30. An zaɓi wurin ne don iskar arewa maso gabas tana isowa kai tsaye daga teku, ba ta bi ta kan hayaƙin gari ba. Daga nesa muka tsaya. Ya ciro waya ya nuna mini hoton takardun tace iska biyu, masu faɗin bakin kofi. Ta ranar da sama ke garau fara ce tas. Ta ranar hazo kuwa kamar an tsoma ta a kunun kanwa.

A nan, iska na kaɗa mini babbar riga, ya yi mini karatu. A saman ruwan teku akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, dangin gansakukar da ke kore kududdufi. Su ne tushen abincin duk abin da ke cikin ruwa: ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifi su ci waɗannan, har a kai ga manyan kifayen da na gani ana daddatsawa a kasuwar kifin Mindelo. Kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga gare su take. Amma kamar gero, ruwa da rana kaɗai ba sa isar su, sai da taki. Kusa da gaɓar Muritaniya da Sanagal ruwan ƙasa yana tasowa sama da takinsa, shi ya sa kifi ya yi yawa a can. In ka yi nisa cikin teku kuwa babu wannan gata.

Ya nuna mini ruwan da ke gabanmu. “Ka ga shuɗin nan da ke burge masu yawon buɗe ido? A wurinmu faƙo ne, Kawu. Ruwa mai albarka kore-kore yake.”

To a irin wannan faƙon, taki daga sama yake saukowa. Ƙurar hamada tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosfaras, wato harafin P ɗin da ke jikin buhun NPK. Abin da ya fi kama ni shi ne wata halitta da suke kira Trichodesmium, wadda ke zuƙo naitirojin daga iska ta zuba a ruwa, wasu su amfana. Na ce ai wannan gyaɗa ce da wake, masu gyara gona don hatsin baɗi. Ya ce daidai, sai dai ita ba ta iya aikin sai da ƙarfe mai yawa, ƙarfen kuma hazo ke kawo shi.

Daga ina? Wani ɓangare daga Muritaniya da Mali, wani kuma daga wurin da mu ma yake aiko mana: kwarin Bodele a arewacin Cadi, yankin Faya-Largeau, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce gindin tafkin Cadi ne, lokacin da faɗinsa ya haura kashi ɗaya bisa uku na Najeriyar yau. Farar ƙasar wurin ɓawon matattun ƙananan tsirran ruwa ce. Wato gawar kakanni ce iska ke kwasowa ta ciyar da danginsu na teku. A Janairun 1832, da Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya iso Praia a jirgin ruwa, ya ga wannan hazo, ya aika samfurin ƙura ga wani masani a Jamus, Ehrenberg, wanda ya sami ire-iren halittu 67 a ciki, kusan duk na ruwan daɗi, alhali a kan ruwan gishiri ƙurar ta sauka. Ashe ba ni ne baƙon farko da hazo ya tara a garin ba. Binciken da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka fitar a 2015 ya ƙiyasta tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, kusan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, mafi yawan sauran kuma teku ke shanyewa.

Na ce to in haka ne a yi ta loda ƙarfe a jirgi ana zubawa mana. Ya ce an riga ni. Wani Ba'amurke, John Martin, a 1988 ya yi barkwancin cewa a ba shi rabin jirgin dako na ƙarfe ya mayar da duniya zamanin ƙanƙara, don tsirran za su zuƙe iskar da ke ɗumama ta. An gwada a tekun Fasifik a 1995, ruwa ya yi kore, amma daga baya aka ga kaɗan ne daga abin da tsirran suka zuƙa ke nutsewa ƙasa ya daɗe. Hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 ma ya yi irin wannan aiki a tekun kudu, inda ƙura ba ta cika kaiwa ba, har taurarin ɗan'adam suka ɗauki hoton koren ruwan.

Batun girgije ne na ga ya rage murya. Hazo da gajimare suna tare hasken da tsirran ke buƙata, don haka hannun da ya ba da taki shi ke rage rana. Su kuma tsirran suna fitar da wata iska mai ɗauke da farar wuta, tana cikin abin da ke ba teku ƙarnin nan nasa, a sama kuma ta zama 'yan ƙwayoyin da raɓa ke taruwa a kai har girgije ya haɗu. Tun 1987 ake muhawarar ko tsirran da kansu suke yi wa kansu rumfa in zafi ya yi yawa. Malamansa ma, in ji shi, ba su haɗu a kan ƙarfin abin ba. Na ji daɗin wannan, don na gaji da 'yan boko masu amsar komai.

Ban ce na daina jin haushin hazo ba. Kifin Atilantika bai taɓa biya wa kowa kuɗin maganin tari a Fagge ba. Amma da muka tsaya sallar azahar a kan baƙin dutsen, na fuskanci gabas, na ji ƙura na shiga hancina, sai na tuna ta wajen gida ta biyo.

A daren muka ci cachupa, dafaffen masara da wake, na ce a sa mini kifi a bar naman. Kwana uku na yi, sai ranar tafiyata hazo ya yaye na ga fuskar Monte Cara sosai, har da hancinta.

Da na dawo Kano, ƙanwata ta zo karɓar labari. Ta tambaye ni wai takamaimai me yaron nan yake karantawa a can. Na ce mata ƙura. Ta dubi tagar ɗakina, ta shafo ta da gefen mayafi, ta ce in dai wannan ce da ya yi zamansa a gida.