Kunkurun Amurka mai cizo: dalilin da ya sa ba ya shiga butik ɗina

Sana'ata kifin ado ne da tantabaru da zomaye, nan Maradi cikin kartiyen Zariya, ni da yara biyu masu taya ni. Akwatin gilashin ma da hannunmu muke haɗa shi, a yanko mana gilashi mu liƙe da silikon, mu bar shi ya bushe, sannan a cika shi da ruwa ya kwana a gani ko yana yoyo kafin kifi ya shiga. Rabin aikin nan ruwa ne wallahi. Ruwan pampo ba a zuba ma kifi shi kai tsaye saboda maganin da ke ciki, sai an tara a baho ya kwana, ga kuran da ke ɗaukewa lokacin zafi, injin iska ya tsaya, ka ga kifi sun taso sama suna haki, mu kuma muna ta kamfatar ruwa da moɗa muna zubawa daga sama don iska ta shiga.

To kwanakin nan samari sun taso ni da wata magana, kowa ya zo sai ya miƙo telefon, Baba dan Allah ka kawo mana irin wannan. Bidiyon TikTok ne na wani kunkurun ruwa na Amurka, ana miƙa mishi karas ko sanda yana datsewa tas. Har masu cewa za su ba da kuɗin gaba akwai. Ni kuma na ce ba ni kawo shi, ko da hanyar ta samu, kuma ina so in yi bayani sau guda kowa ya ji.

Iri biyu ne ake nunawa. Na farko shi ya fi yawa, ana samun shi tun daga kudancin Kanada har Fulorida, cikin tabkuna da koguna masu laka. Jaririnsa faɗin bayansa bai wuce santimita 3 ba, abin sha'awa, shi ne ake ruɗin mutane da shi. Amma in ya girma ƙoƙon bayansa na kusantar santimita 45, faɗin babban tiren masu talla ke nan, nauyi kuma kilo 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne, na gida da ake cusa ma abinci ya fi haka. Na biyun shi ne mai ƙayoyi a baya, na kogunan kudu maso gabashin Amurka, namijinsa na iya wuce kilo 70. Shi kwanciya yake ƙarƙashin ruwa ya buɗe baki, akwai wani jan nama a harshensa da yake motsawa, kifi ya ɗauka tana ce ya shigo da kansa.

Abin da bidiyon ba ya gaya muku shi ne dalilin cizon. Kunkurunmu in ya tsorata sai ya shige ƙoƙonsa ya yi shiru. Wannan ƙoƙon cikinsa ƙarami ne, ba ya rufe shi, ƙafafu da wuya duk a waje suke, dan haka in an fiddo shi daga ruwa bakinsa ne kaɗai makaminsa. Ba shi da haƙora, baki ne mai ƙugiya mai kaifi, kuma na farkon nan wuyansa dogo ne, yana iya lanƙwaso shi baya ya kai hannun wanda ya riƙe shi ta gefe. Ɗaga shi ta wutsiya kuma yana lahanta mishi ƙashin baya. Yanzu ka duba gidajenmu, tsakar gida cike da yara, na goye da na rarrafe, ga 'ya'yan maƙwabta masu shigowa ba sallama, wa zai tsare su kar su tura yatsa? Wani ya ce min ai zai saba da shi. Na ce yarona, zai gane mai kawo abinci, amma ba zai bar cizo ba.

Sai maganar wurin zama. Dabbar ruwa ce, ba ta yawo a tsakar gida, nama ta fi ci, kifi, kwaɗi, tana, kuma tana ɓata ruwa fiye da duk kifin da na taɓa kiwo, kwana kaɗan ba tare da matata mai ƙarfi ba ruwan ya yi wari. Akwatin da zan haɗa maka yau, shekara biyu uku ya yi mishi kaɗan, sai dai ka gina kwalbati da siminti na ɗaruruwan litoci, ka riƙa canza ruwa, kowa kuwa ya san kuɗin ruwa. Sannan ruwan da yake so mai ɗan sanyi ne, wajen digiri 25, a ƙasarsu ma lokacin hunturu lafewa yake cikin laka. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, ruwan baho da rana har ƙona hannu yake. Kuma ba abu ne na shekara biyar ba, yana wuce shekara 30 cikin sauƙi.

Akwai ciwon salmonela da kunkurai ke ɗauke da shi ba tare da su sun nuna alama ba, yana sa zawo da zazzaɓi, yara ƙanana ya fi kayarwa. Shi ya sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba, kusan santimita 10, don yara na wasa da su suna kai hannu baki. Ko kunkurun gida ka taɓa, wanke hannu da sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da mai shi ya gaji. Na san halin kiliyan, zomo ma dawo min da shi ake in an ga ɗawainiya. Wannan wa zai karɓa? Sai a sa shi a buhu a kai tabkin Madarumfa ko a jefa gulbi da damina a ce an yi mishi alheri. Haka ta faru a Japan, aka shigo da su don kiwo, mutane suka riƙa sakinsu, suka hayayyafa a tabkin Inba na jihar Ciba, har 2005 gwamnati ta sa su cikin baƙin dabbobi masu ɓarna, ana kama su da tarko. Madarumfa masunta na ci da iyalinsu daga ruwan nan, ba ni son a ce ta hannuna wani abu ya shiga. Ban da haka, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, na Panama a 2022 an sa iri biyun cikin jerin da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takarda, ke nan wanda ya ce zai kawo maka shi cikin kwali ta Dan Isa, bakin iyakar Najeriya, ka san ta ɓarauniyar hanya ce.

Masu son kunkuru da gaske, ga namu na Sahel, shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, kuma zafin nan nasa ne. Shi ma ba na sayen wanda aka kamo daga daji don ya yi ƙaranci ƙwarai, wanda ya kawo min ina tura shi wurin ma'aikatan gandun daji. Amma gidaje da yawa sun gaje shi, kuma ana kirana in duba. Wata Hajiya a kartiyen Ali Dan Sofo nata ƙoƙonsa ya yi tudu-tudu, ashe tuwo da shinkafa da miya ake ba shi kullum. Na ce Hajiya, ciyawa ce abincinsa, a ba shi ciyawa da harawa da ɗan ganye, a aje mishi ruwa a faranti mai faɗi, a daina ɗaure shi da igiya ta hujin ƙoƙo, kuma a bar mishi kusurwa mai ƙasa nesa da gindin katanga, don rami zai gina ko an so ko ba a so ba, can yake tsere ma rana.